Amsoshin Tambayoyinku: Wa Shari'a Ke Kamawa In An Ɗora Fim Ɗin Wani a YouTube?

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa yana tambaya, in mutum ya ɗora fim ɗin Hausa a YouTube ba da izinin mai shi ba, shi za a kama ko kamfanin YouTube?

To Malam, asalin wannan mas'ala yana cikin wata doka da Amurka ta kafa a shekarar 1998, wadda ake kira DMCA, kuma da yake can ne mazaunin manyan kamfanonin intanet, hukuncinta ya shafe mu har nan. Abin da ta tanada shi ne, muddin kamfani bai san da satar ba, kuma ya gaggauta sauke abin da zarar mai haƙƙi ya aiko da takardar da'awa, yana mai bayyana aikinsa da inda aka ɗora shi, tare da rantsuwa cewa shi ne mai shi ko wakilinsa, to ba za a nemi diyya daga kamfanin ba, sai daga wanda ya ɗora.

Shi kuwa wanda aka sauke wa, in yana ganin an zalunce shi, yana da ikon mayar da jawabi, kuma idan kwanakin aiki 10 zuwa 14 suka shige mai da'awa bai kai ƙara kotu ba, sai a maido da abin. A ganina nan ne mizanin ya karkata, domin ana saukewa tun kafin a saurari hujjar wanda ake tuhuma, alhali kuwa gargaɗi uku kan irin wannan da'awa sun isa YouTube ta rufe tashar da mutum yake ci da ita. Nijeriya ma ta shigar da irin wannan tsari cikin dokarta ta haƙƙin mallaka ta 2022.