Masu Kula da Hankalin Jaririnki

Uwargida mai juna biyu, idan aka ce lafiyar jariri, nono da rigakafi da awon nauyi ne ke fara zuwa a rai. To amma jariri yana da hankali da ke bukatar reno tun ranar haihuwa. Ƙwaƙwalwarsa tana ninka girmanta a shekarar farko, kuma kallonki da muryarki da ɗaukarsa in ya yi kuka suna cikin abin da ke gina ta.

Ma'aikatan da ke tsaye kan wannan sun cancanci yabo, ko da yake ba kasafai ake lura da aikinsu ba. Ungozomar da za ta ɗora miki shi a ƙirji da zarar ya faɗo, kwantar masa da hankali take yi. Likitan yara da ke tambaya ko ya fara murmushi a wata 2, ko yana waiwayowa in an kira sunansa a wata 9, ba neman hira yake ba. Ki amsa masa da gaskiya, ko da ɗan fari ne kina jin kunya.

Sai nas ɗin da za ta tambaye ki, "Ke fa, yaya zuciyarki?" Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mai jego 1 cikin 5 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Uwar da ke cikin ƙunci takan kasa yi wa ɗanta wasa. Idan kuka da rashin walwala suka wuce mako 2 bayan haihuwa, ki faɗa mata, za ta haɗa ki da likitan ƙwaƙwalwa. Ciwon yana da magani. Maigida, kai ma ka rako ta.