Darasi na 14: Gustav Suits, Mawaƙin Istoniya

An haifi Gustav Suits a shekarar 1883 a Istoniya, wata ƙaramar ƙasa a arewacin Turai. A lokacin nan Rasha ce take mulkin ƙasar. Masu ilimi sun fi girmama Jamusanci da Rashanci, suna ɗaukar harshen Istoniya harshen manoma kawai.

Suits bai yarda da wannan raini ba. A shekarar 1905 ya fitar da littafin waƙoƙinsa na farko, *Elu tuli*, wato "Wutar Rayuwa". Ya jagoranci ƙungiyar matasan marubuta mai suna Noor-Eesti, yana tace rubuce-rubucensu, yana kuma sharhi a kan adabi. Ya ce wa jama'arsa su riƙe harshensu, amma su koyi fasahar sauran ƙasashen Turai.

Daga baya ya zama farfesan adabi a Jami'ar Tartu. Yaƙi ya tilasta masa gudun hijira a 1944. Ya rasu a ƙasar Suwidin a 1956, bai sake ganin gida ba.

Tambayoyi
1. Me ya sa aka raina harshen Istoniya?
2. Wace shawara Suits ya ba jama'arsa?
3. Yaya kake ɗaukar harshenka na gida?