A Kan Kalmar "Shallow"

Cikin kalmomin Ingilishi da za mu koya wa yara akwai wadda ba mu da takwararta guda ɗaya a Hausa, ita ce "shallow". Mu muna da zurfi, su suna da "deep". Amma kishiyar zurfi sai mun kewaya, mu ce marar zurfi, ko mu ce sama-sama. Tsohuwar kalma ce, ana samunta a rubuce tun wajen shekara ta 1400, kuma asalinsu ɗaya da "shoal", watau wurin da rairayi ya taso cikin ruwa har jirgi ya kan kafe.

Da fari a lura da faɗarta. Harafin "l" biyu ne a rubuce, amma ɗaya ake ji. Bahaushe ya saba danna baƙi in ya gan shi biyu, kamar a kallo, saboda haka yaro ya kan ja ta fiye da kima.

Ma'anarta ta fari awo ce daga baki zuwa gindi. Faranti "shallow" ne, akushi kuwa ya fi shi zurfi. Tafkin Cadi ma haka ne, duk da faɗinsa. Kadan aka ce "the shallows", ana nufin gefen kogi inda mutum zai ratsa da ƙafa. A nan ne yara su kan haɗa ta da "low", alhali kuwa dabam suke. In an ce Binuwai ta yi "low" da rani, ruwa ne ya janye daga inda ya kai da damina, kuma mai yiwuwa ne har yanzu ya shanye mutum a tsakiya. Malamin da ya bar yaro ya ɗauka ɗaya ne, ya koya masa abin da zai iya jefa shi cikin hatsari, ba faɗuwa jarrabawa kaɗai ba.

Inda na ga ta fi wuya shi ne in an jingina ta ga mutum. Mu in mun ce wane yana da zurfin ciki, muna nufin ba ya fid da abin da ke ransa. To, sai ɗalibi ya zaci "a shallow man" mai sakin baki ne. Ba haka ba ne. Bature yana nufin wanda tunaninsa bai nutsa ba, ya haddace bai fahimta ba, ado da yabo sun fi damunsa. Mutum ya iya yin shiru wuni guda ya kasance "shallow" duk da haka. Shakespeare ya sa wa wani tsohon alƙalin ƙauye mai yawan fariya wannan suna a cikin wasansa na Sarki Henry na Huɗu, kashi na biyu. Zargi ce mai zafi, kada a rubuta ta a kan babba cikin wasiƙa.

Likita kuma ya kan ce "shallow breathing" ga majinyacin da ke numfashi sama-sama, nan kam Hausa da Ingilishi sun yi daidai.