Adana Furen Fiyoni Bayan An Yanke Shi

Fiyoni fure ne na ƙasashen sanyi irin su Sin da Holan, kuma kakarsa gajera ce, 'yan makonni ne tsakanin Mayu da Yuni. Shi ya sa masu noma shi suka ƙware wajen adana shi.

Dabarar tana wurin yanka. Kada ku jira furen ya buɗe. Ku yanke shi da sassafe, lokacin da launinsa ya fara leƙowa, kuma idan an matsa kansa a ji shi da taushi kamar dunƙulen auduga. Wanda yake da tauri tukuna sau da yawa ba ya buɗewa, asara ce kawai.

A cire ganyen, a tabbata babu lema a jikinsa, domin lema ke kawo ruɓa. A naɗe shi da takardar jarida, a sa a leda, a kwantar a firji mai sanyin digiri 1 zuwa 3, ba cikin ruwa ba. A nesanta shi da tuffa da ayaba, iskar da suke fitarwa tana tsufar da fure. A haka zai yi makonni.

Ranar da ake buƙatarsa, za a gan shi a yamushe. Kada hankali ya tashi. A datse gindin kaɗan, a tsoma a ruwa mai ɗan ɗumi. Cikin kwana ɗaya ko biyu zai buɗe.