Yadda Za Ka Ji Daɗin Labaran Ƙaura Zuwa Wasu Duniyoyi

Da yawa daga cikin masu karatu kan ɗauki ƙagaggen labarin kimiyya, su yi shafi ashirin, su ajiye, su ce ai wannan harkar Turawa ce. Alhali mazaunin Kakuri, Barnawa, Narayi ko Sabon Tasha a Kaduna ya fi kowa sanin kan irin waɗannan labarai. Duk littafin da ya kai mutane duniyar Mars su kafa gari, ko ya zuba su a jirgin da zai yi shekaru aru-aru yana tafiya, magana yake yi a kan al'ummar da rayuwarta ta rataya a wuyan inji. Mu kuwa mun ga yadda Kakuri ta koma bayan masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002: albashi ya yanke, mai tuwon bakin ƙofa ta kwashe tukwanenta, masu gidajen haya suka rasa 'yan haya. Da wannan idon za ka shiga karatun. Ga yadda za ka bi.

Fara daga gida. Nemi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata. Labarin yaro ne mai suna Kilba da wani baƙo daga wata duniya, Kolin Koliyo, ya ɗauka zuwa sararin samaniya, kuma gajere ne, ba zai ci maka lokaci ba. Daga nan ka koma After the Flare na Deji Bryce Olukotun, na 2017. A cikinsa wata wuta ta ɓarke daga rana ta lalata lantarki a yawancin ƙasashe, aka wayi gari Najeriya ce ke haɗa roka a kusa da Kano don ceto wata 'yar sama jannati da ta maƙale a sama. In ka fi son gajeren abu, ga Binti na Nnedi Okorafor, na 2015.

Sai ka riƙe tambayoyi huɗu a kowane babi: daga ina iska, daga ina ruwa, daga ina abinci, daga ina wuta? Babu littafin da ya kai The Martian na Andy Weir koyar da wannan. An tafi an bar Mark Watney shi kaɗai a Mars, inda iskar ba ta shaƙuwa, domin kusan kashi 95 cikin 100 nata carbon dioxide ne. Ya kwaso ƙasa ya shimfiɗa a ɗakinsa, ya yi taki da bayan gidan da shi da abokan tafiyarsa suka tara, ya yayyanka dankalin Turawa ya shuka, sannan ya zauna yana lissafin kwana nawa girbin zai kai shi. Ɗauko biro da takarda ka bi lissafin tare da shi. A nan daɗin yake. Wanda ya taɓa auna batirin sola ko ya raba jarkar ruwa ta kai gida har gobe, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Idan hannunka ya faɗa, ƙara tambaya ta biyar: wa ke riƙe da makullin famfo? Red Mars na Kim Stanley Robinson, na 1992, ya kai mutum 100 Mars, kuma kafin a je ko'ina rigimar mulki da ta manyan kamfanoni ta fi ta injuna zafi. A Aurora kuma, na 2015, marubucin nan ya nuna jirgin da aka hayayyafa a cikinsa har tattaɓa kunne, gonakinsa suna ta ja da baya. Kada ka ɗauka duk ƙirƙira ce. A jihar Arizona ta Amurka an rufe mutum 8 a wani katafaren ginin gilashi mai suna Biosphere 2 daga 1991 zuwa 1993, su noma abincinsu, su shaƙi iskar da shukokinsu ke fitarwa. Yunwa ta rame su, iskar shaƙa ta ragu har sai da aka ƙara musu daga waje, kuma suka rabu gida biyu.

Game da Turancin, kada ka tsaya buɗe ƙamus a kan kowace kalma. Ja mata layi, ka ƙarasa babin, sannan ka duba guda uku ko huɗu da suka fi maimaituwa. Fim kuwa, kamar na The Martian da ya fito a 2015, bar shi sai ka gama littafin.

Littattafan suna da tsada, don haka ku yi adashe. Ku haɗu ku biyar, kowa ya sayi ɗaya, ku riƙa musanye. Ku kuma leƙa wajen 'yan gwanjon littattafai. Mujallar Omenana, wadda 'yan Najeriya suka kafa a 2014, tana sa gajerun labaran marubutan Afirka kyauta a intanet, ana karantawa a waya.

Ranar da za ku zauna tattaunawa, kada ku tara 'yan boko zalla. Ku gayyato bakanike, da ma'aikaciyar jinya, da mai haɗa sola, da mai noman rani a bakin kogi, domin su ne za su gano inda marubuci ya yi daidai da inda ya yi kuskure. Ku buɗe zaman da wannan tambaya: in jirgi zai tashi da mutum 100 kacal daga Kaduna, masu wace sana'a za a ɗauka, kuma wa zai zaɓa? Ku sa kowa ya rubuta sana'o'i goma kafin a fara gardama.