Jane a Jan Ɗaki

A shekarar 1847 Charlotte Bronte, marubuciya 'yar Ingila, ta fitar da littafinta mai suna Jane Eyre. A farkonsa za ku tarar da Jane, marainiya 'yar shekara goma, tana hannun matar kawunta, wadda ba ta ƙaunarta ko kaɗan.

Wata rana John, ɗan matar, ya jefe ta da littafi, ta faɗi ta fasa kai. Da ta rama, sai aka kulle ta a jan ɗaki, inda kawun nata ya rasu shekara tara da suka wuce. Da duhu ya shiga, sai ta ga wani haske yana yawo a bango, ta ɗauka fatalwa ce. Ta ƙwalla ihu, ta roƙi afuwa, amma matar ta sake tura ta ciki, ta kulle ƙofa. Nan take ta suma.

Ku lura, Jane ce ke ba da labarin bayan ta girma, kuma ta ce wataƙila fitila ce wani ya wuce da ita a waje. Ashe rashin tausayin ya fi hasken yi mata rauni. Lloyd, mai maganin da ya duba ta, ya ba da shawara a sa ta makaranta, aka kai ta Lowood. Bayan shekaru, a daren da za ta gudu daga Thornfield, gidan da take koyarwa, ɗakin nan ta gani a mafarki.

Tambaya: Me ya sa Jane ta suma?