Ki Karanta Maƙala da Natsuwa, 'Yata

 Na ji an ce a wannan zangon an sa ku nazarin maƙala a adabin Ingilishi, kuma kin ɗauke ta darasi mafi sauƙi, tunda ba ta da ma'aunin waƙa, ba ta da tsawon ƙagaggen labari. Ki bi a hankali. Gajartarta ce ke ruɗin ɗalibai. Mai ƙagaggen labari yana iya ɓuya a bayan taurarinsa, ya sa musu magana a baki ya ce ba ruwansa. Mai maƙala ba shi da mafaka. Duk abin da ya faɗa, shi ya faɗa, kuma shi za a tambaya.

Abu na farko, ki raba ta da insha'in da kuka saba rubutawa a sakandare: gabatarwa, dalilai uku, kammalawa. Insha'i yana da amfaninsa, shi ke koya wa yaro jera tunani. Sai dai ana rubuta shi ne don malami mai jan biro, wanda ya riga ya san amsa kuma dole ya karanta har ƙarshe. Maƙala kuwa baƙo ake rubuta wa, mutumin da ba wanda ya tilasta masa, wanda zai ajiye takardar da zarar ya ji ana yi masa zaurance ko ana ɓata masa lokaci.

Ba a Ingila aka haifi maƙala ba. Wani Bafaranshe ne, Michel de Montaigne, ya ajiye aikin shari'a a birnin Bordo, ya koma gidan gadonsu a 1571, ya shige ɗakin littattafansa yana rubuta abin da ke ransa game da abota, da tsoro, da tarbiyyar yara, da mutuwa. A 1580 ya buga littafin, a 1603 John Florio ya fassara shi zuwa Ingilishi. Amma tun kafin fassarar ta fito, Francis Bacon ya riga ya fitar da nasa a Landan a 1597, 'yan gajerun maƙalu 10 kacal. A 1612 ya sake bugawa sun zama 38, a 1625 sun kai 58, kuma yawancin tsofaffin ya koma musu, ya faɗaɗa su, ya gyara. Ki lissafa da kanki: shekara 28 mutum yana komawa kan ɗan littafi guda. Ku kuwa yau a zaune ɗaya ake rubutawa a waya, a tura wa duniya kafin shayi ya huce. Ba zan ce ki jira shekara 28 ba, amma ki bar rubutunki ya kwana.

Jimlolin Bacon gajeru ne masu nauyi, kamar karin maganar tsofaffi. Ya yi rubutu kan karatu, da gaskiya, da ramuwar gayya, da aure, da kashe kuɗi, har da shuka lambu. Za ki ƙaru da shi ƙwarai, amma ba za ki ji ɗuminsa ba, domin ba ya buɗe miki zuciyarsa. Akwai kuma abin da nake so ki sani game da shi, don kada kyan magana ya rufe miki ido. Yana da maƙala kan aikin alƙali, inda ya sa riƙon amana a gaba da komai. A 1618 ya zama babban alƙalin alƙalan Ingila. A 1621 majalisar dattawan ƙasar ta same shi da laifin karɓar kyauta daga hannun masu shari'a a gabansa. Ya amsa laifin, ko da yake ya ce kyautar ba ta taɓa karkatar da hukuncinsa ba. Aka tuɓe shi, aka ci shi tarar fam 40,000, aka tsare shi 'yan kwanaki a kurkukun Hasumiyar Landan, kafin sarki ya sassauta masa. Abin da ya rubuta game da alƙali gaskiya ne har gobe. Sai dai duk wanda ya san labarin, da ciwon zuciya yake karanta shi. Mai yi wa mutane nasiha a rubuce ya ɗauki bashi, kuma da halinsa zai biya.

Bayan kimanin shekara ɗari sai maƙala ta fito daga ɗakin karatu ta shiga cikin jama'a, kuma jarida ce ta fito da ita. A 1709 Richard Steele ya fara Tatler, sau uku a mako. A 1711 shi da abokinsa Joseph Addison suka kafa Spectator, takarda ɗaya gaba da baya, kullum ban da Lahadi, da farko a kan kwabo ɗaya, har fitowa 555 zuwa ƙarshen 1712. A gidajen shan gahawa na Landan ake karanta ta, kwafi ɗaya ya bi hannu da yawa. Mu ma nan haka abin ya kasance, don da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, ita ta saba wa mutane da karanta ra'ayin mutum a zube cikin Hausar boko. Addison da Steele sun yi magana kan sutura, da ladabin zama da mutane, da mugunyar al'adar nan ta fito-na-fito da takobi don kare mutunci, da yadda miji ya kamata ya riƙe matarsa. Abin koyi a wurinsu shi ne gyara ba tare da tozartawa ba. Sukan soki hali su bar mai halin, har mutum ya karanta aibinsa yana murmushi, ya gyara ba wanda ya sani. Samuel Johnson ya biyo bayansu da Rambler daga 1750 zuwa 1752, fitowa 208, da harshe mai nauyi da dogayen jimloli. Ki ɗanɗana shi, amma kada ki kwaikwayi nauyin nan. Shi ya dace da shi saboda zurfin tunaninsa. A bakin matashi sai ya zama burga.

Wanda na fi so ki zauna da shi shi ne Charles Lamb. Akawu ne kawai a ofishin kamfanin cinikin Indiya ta Gabas da ke Landan, ya shekara 33 yana cika littattafan lissafi. Daga 1820 ya fara aika maƙalu zuwa wata mujalla da sunan aro, Elia, kan abubuwan da wani zai raina: tsofaffin akawuna, yaran da ke share bututun hayaƙi, tsofaffin kwanukan tangaran, gasasshen nama. Akwai wata da ya rubuta inda yake zaune da yamma, 'ya'yansa biyu, mace da namiji, sun matso kusa suna so ya ba su labarin kakanninsu. Ya ba su labarin tsohuwar da ta riƙe wani babban gida, da lambun da yake yawo a ciki yana yaro, da wansa da ya rasu. Yarinyar tana motsa ƙafa ba ta sani ba in an zo maganar rawa, yaron yana mayar da 'ya'yan inabin da ya ɗauka a ɓoye. Da suka roƙi labarin mahaifiyarsu, yana cikin bayarwa sai fuskokinsu suka fara dushewa, suna ja da baya. Ya farka a kujerarsa. Ba shi da 'ya'ya, bai taɓa aure ba.

Ga abin da bai rubuta a ciki ba. A 1796, yana ɗan shekara 21, yayarsa Mary ta sami taɓin hankali, ta daɓa wa mahaifiyarsu wuƙa ta mutu. Shi ya tsaya mata, ya ɗauki alhakin kula da ita don kada a kulle ta har abada, suka zauna tare har ya rasu a 1834. Duk sanda ciwon ya taso sai ya kai ta inda ake jinya, in ta samu sauƙi ya dawo da ita gida. A maƙalunsa tana nan da wani sunan, a matsayin 'yar'uwa mai son karatu, amma wannan musibar bai shimfiɗa ta a kasuwa ba. Duk da haka babu ƙarya a rubutunsa, kuma baƙin cikin yana ratsa mai karatu. Ki riƙe wannan, 'yata. Za ki ji ana cewa rubutu na gaskiya sai an tona komai. Ba haka ba ne. Kina iya faɗin abin da ke zuciyarki ki rufa wa naki asiri. Iyayenki da 'yan'uwanki ba su ba ki izinin sayar da sirrinsu don a yaba miki ba.

Daga Lamb ki tsallaka zuwa George Orwell, ko da yake kin bar William Hazlitt a tsakani, mutum mai zafin alƙalami da ya cancanci ranarsa ta daban. Orwell ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a ƙasar Bama daga 1922 zuwa 1927. A maƙalarsa ta 1931 ya ba da labarin wata safiya da aka fito da wani fursuna za a rataye shi. Ana tafiya da shi, an ɗaure hannuwansa, dogarai riƙe da shi, sai ya ɗan kauce don kada ya taka wani ɗan ruwa da ya kwanta a hanya. Mutumin da saura masa 'yan mintoci a duniya yana kiyaye ƙafarsa kada ta jiƙe! A nan marubucin ya gane girman abin da ake shirin aikatawa, cewa rai ne cikakke, mai gani, mai lissafi, za a katse. Bai yi dogon wa'azi ba, wannan kaucewar ta wadatar. A wata ta 1936 kuma ya faɗi yadda ya harbe wata giwa da ta yi ɓarna ta kashe mutum. Da ya iske ta, ta riga ta huce tana cin ciyawa, ya san bai kamata a kashe ta ba. Amma taron jama'a na bayansa suna jira, sai ya harba don kada a yi masa dariya. Da wannan ya nuna yadda mulkin danniya ke mayar da mai mulkin kansa bawan idon mutane. Da a ce ya fara da manyan kalmomi kan zaluncin mulkin mallaka, da an manta da shi tuntuni. Idonsa ne ya yi aikin. Shi ne kuma a 1946 ya gargaɗi marubuta kan kalmomin da 'yan siyasa ke lulluɓe ɓarna da su, yana roƙon a zaɓi gajeriyar kalma bayyananniya a kan doguwa mai hazo.

Ke mace ce, don haka kada ki wuce Virginia Woolf. Daga laccocin da ta yi wa ɗalibai mata a Kambirij a 1928 ta fitar da doguwar maƙala a 1929, inda ta ce mace ba za ta iya rubutu ba sai tana da ɗakin kanta da kuɗin kanta, ta ma faɗi adadi, fam 500 a shekara. Ta ƙaga wa Shekisfiya 'yar'uwa mai baiwa irin tasa, ta bi ta mataki-mataki ta nuna yadda zamaninta zai hana ta makaranta ya murƙushe baiwar. Rayuwarta ba irin tamu ba ce, kuma ba duk maganarta za ki ɗauka ba. Amma tambayar da ta yi, wa ke da lokaci da wurin zama ya yi tunani, tambaya ce da ta shafe ki.

Kada kuma ki ɗauka cewa aikinki shi ne sunkuyar da kai ga waɗannan mutane. A 1975 Chinua Achebe ya tsaya a wata jami'a a Amurka ya karanta maƙala kan shahararren littafin Joseph Conrad na tafiya a Kogin Kwango, wanda aka daɗe ana koyarwa a matsayin gwaninta. Ya bi shi jimla-jimla, ya nuna yadda aka hana 'yan Afirka magana da mutuntaka a cikinsa, ya kira marubucin mai wariyar launin fata. Wasu sun ji haushi, wasu har yau ba su yarda da shi ba, amma yanzu da wuya a koyar da littafin ba tare da an ambaci ƙorafinsa ba. Bai iya haka ba sai da ya karanta Conrad da idon basira fiye da masu yabonsa.

To, kafin jarrabawa ta zo, ki nemi maƙalar Lamb ta yaran mafarki da ta Orwell ta ratayewa, ki karanta su da kanki, ba taƙaitawar da ake sayarwa a bakin makaranta ba. Kowacce ba ta wuce 'yan shafuka ba. Ki karanta sau biyu, na biyun da murya. Sannan ki ɗauki biro ki rubuta shafi biyu kan abu ɗaya da kika gani da idonki a makon nan, da Ingilishi ko da Hausa, wanda ya fi zauna miki a baki. Ki bar shi ya kwana, ki cire duk kalmar da kika sa don burgewa, ki aiko mini in gani. Ki gaishe da mahaifiyarki. Allah ya ba ki ilimi mai amfani.